A tare su tun daga ƙofar gidansu

Yara, yau zancen ƙwallo za mu yi. Na san da yawa cikinku sun fi son wannan da darasin lissafi. Ku yi haƙuri, ko a nan ma sai mun taɓa lissafi kaɗan.

Ni malami ne a wata lakwal ta ƙasar Buza, kuma ni ke kula da ƴan ƙwallonmu. Bara, cikin watan Afrilu, aka gayyace mu wasa a wani gari da ke kan hanyar Madawa. Kafin ranar, yaran suka zo mini da roƙo. Sun biya dala goma-goma a gidan kallo, sun ga yadda manyan ƙungiyoyin Turai ke yi. Da zarar ƙwallo ya kuɓuce musu, sai su rufar wa abokan karawa tun daga bakin ragarsu, ba su barin kowa ya numfasa. Suka ce: "Mushe, mu ma haka za mu yi." Ni ma abin yana burge ni. Na ce to.

Muka shiga fili bayan sallar la'asar, rana ba ta yi sanyi ba tukuna. Minti 30 ne kowane rabi. Cikin minti 15 na farko muka ci su biyu. Ƴan garin suka yi tsit. Ni kuwa ina bakin fili, ina jin kaina wani babban mai horo. Kafin a tafi hutu sai ƙafafun yaranmu suka yi nauyi. Na gaba yana gudu, na tsakiya yana tafiya, na baya ya tsaya ya kama ƙugu. Abokan karawa suka gane. Sai su ɗaga ƙwallo ta bisa kawunanmu, ɗan gabansu ya tarar da golanmu shi kaɗai. Aka tashi 5 da 2.

Wannan duk mai sauƙi ne. Ana saura minti goma a tashi, ɗan gabanmu, yaro mai shekara 13, ya zauna ƙasa. Jiri ya kwashe shi, ya yi amai. Muka ɗauke shi zuwa inuwar dogon yaro, muka yayyafa masa ruwa, muka yi ta yi masa fifita. Allah ya sa ya warware. Daga baya na ji cewa tun furar safe bai sa kome cikinsa ba. A hanyar komowa yara suka yi ta zargin gola, har ya yi kuka. Laifin ba nasa ba ne. Nawa ne, ni da na ce to ban yi tunani ba.

Washegari wani abokin aikina, wanda ya girme ni da shekaru masu yawa, ya kira ni gefe. Ya ce: "Ƙanena, bar wa Turawa abinsu. Su suna da ciyawa da sanyi da likita. Mu namu shi ne a cika baya, wanda ya samu ƙwallo ya narka shi gaba, Allah ya ba mai rabo." Na saurare shi da ladabi, don akwai gaskiya cikin maganarsa. Amma ban karɓe ta duka ba. Ra'ayina shi ne makarantunmu na Madawa da Buza da Keita su koyi wannan salon wasa, su kuma riƙa yin sa da awo, yadda ake shan magani. Bari in gaya muku dalilina.

Da farko, mene ne abin? Masu sharhi da faransanci a rediyo suna ce masa firesin. Su ma aron kalmar suka yi daga turancin Ingila. Mu sai mu ce wasan matsi. A wasan da muka saba, in ƙwallo ya koma ƙafar abokan karawa, kowa sai ya ruga gida ya jira su. A wasan matsi ba a komawa. Can inda suke ake tare su, kusa da ragarsu, a ƙwace ƙwallon a nan. Hikimar ba ɓoye take ba. In ka ƙwace ƙwallo a bakin ragarka, akwai tafiyar mita 80 ko 90 gabanka, ga mutum goma sha ɗaya suna jiran ka. In ka ƙwace shi mita 25 daga ragarsu, ka miƙa sau ɗaya ko sau biyu, sai bugu. Ban da haka, mutumin da ya karɓi ƙwallo yanzu-yanzu kansa yana ƙasa, bai riga ya ga inda ƴan'uwansa suke ba. Lokacin nan ne ya fi rauni.

Ku ɗauko allo da alli. Ku zana gola, mutum huɗu a baya, uku a tsakiya, uku a gaba. Wannan jeri shi ake kira 4-3-3, kuma yana cikin waɗanda masu wasan matsi suka fi so. Yanzu ku zana abokan karawa suna fara wasa daga gida. Suna da gola da ƴan baya huɗu, biyar ke nan. Ƴan gabanmu uku ne. Yaya uku za su tsare biyar? In kowa ya bi wanda ya ga dama, ba za su iya ba. Za a yi ta juya su har su gaji.

Dabarar ita ce inuwa. Wanda zai je wurin mai ƙwallo ba miƙe yake zuwa ba. Gudu mai lanƙwasa yake yi, don jikinsa ya shiga tsakanin mai ƙwallo da wani abokinsa. Ya matsi ɗaya da gabansa, ya rufe ɗaya da bayansa. Kun ga mutum ɗaya ya yi aikin biyu. Mai lamba 9 ya shiga tsakanin ƴan baya biyu na tsakiya, ya tilasta wa ƙwallo ya tafi gefe. To, nan ake son sa. Wanda ke bakin layi rabin hanyoyinsa a toshe suke, tun da bayan layi babu fili. Sai mai lamba 7, ko 11, ya faɗa masa. Ɗan tsakiyarmu na kusa ya riƙe wanda za a miƙa wa. Ɗan bayanmu na wannan gefe ya hauro ya riƙe ɗan gefensu. Tarko ya rufe. Wanda ke can ɗaya gefen fili kuwa, a ƙyale shi. Kafin ƙwallo ya yi tafiyar mita 50 a sama ya sauka gare shi, an cim masa. Duk wanda ya taɓa bin manya farautar zomo ya san haka: wasu ke kora, wasu ke tare gaba. In duka suka bi bayan zomo, ranar ba a cin nama.

Kuma ba kowane lokaci ake faɗawa ba, sai an ga alama. In ƙwallo ya yi wa mutum tsalle bai tare shi da kyau ba, alama ce. In ya karɓa ya ba ragarmu baya, alama ce. Haka in an miƙa masa a ƙafar da ba ta da ƙarfi, ko an mayar wa gola. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, mai ƙwallo ya ɗaga kai yana kallon fili a natse, kada ka yi masa gudun kai tsaye. Yanke ka zai yi, ya bar ka baya.

Akwai wani abu da yaranmu ba su gani ba a gidan kallo, ni ma ban lura da shi ba sai da muka sha kashi. Mai ɗaukar hoto ƙwallo yake bi. Saboda haka ƴan gaba muke gani suna gudu, ba mu ganin abin da ƴan baya ke yi a lokacin. Ashe su ma haurowa suke yi, har tsakiyar fili. Ga lissafin da na yi muku alkawari. Filin manya yakan kai mita 105 a tsawo, 68 a faɗi. Ku ninka: murabba'in mita 7140. Wani mai horo ɗan Italiya, Arrigo Sacchi, ya kafa wa ƴan wasansa doka, cewa in ba su da ƙwallo, tsakanin ɗan bayansu na ƙarshe da ɗan gabansu na farko kada ya wuce mita 25. Ku ninka 25 da 68: 1700. Bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na fili ba. A wannan ɗan wuri ake so a tsare abokan karawa, inda duk wanda ya karɓi ƙwallo zai ji numfashin wani a wuyansa. Dokar satar gida ce ke ba da damar haka, don ɗan gabansu ba shi da halin ya je ya tsaya bayan ƴan bayanmu yana jira. Mu ranar nan ƴan gabanmu suna can bakin ragar mutane, ƴan bayanmu suna nan bakin tamu. A tsakiya an bar fili kamar gonar da ba a shuka ba, yara uku suna ta wahala cikinsa.

Ku ƴan ƙasar Keita kun san layukan duwatsu da iyayenku mata da kakanninku suka jera bisa tuddai, tun da aka fara babban aikin raya ƙasar Keita a 1984. In layi ya cika, ruwan sama yakan tsaya ya shiga ƙasa. In an bar giɓi ɗaya, duk ruwan ta nan zai bi, da ƙarfin da ya fi na da, har ya haƙa rami. Haka wasan matsi yake. Mutum tara su hauro, ɗaya ya yi ƙyuya, to ta wurinsa ƙwallo zai wuce, kuma taran nan duk an bar su baya. Gara a ce kowa ya zauna gida da a yi rabin matsi.

Wannan salo ba jiya aka fara shi ba. Duniya ta gan shi sosai a gasar kofin duniya ta 1974, wurin ƴan Holand, da mai horonsu Rinus Michels da kyaftin ɗinsu Johan Cruyff. Sukan taso wa mai ƙwallo su biyar, su shida, gaba ɗaya. Sun kai wasan ƙarshe, Jamus ta Yamma ta ci su 2 da 1. Shi kuwa Sacchi da na ambata, bai taɓa zama babban ɗan wasa ba, takalma ya yi ta sayarwa kafin ya zama mai horo. Ya karɓi AC Milan a 1987, ya ci kofin zakarun Turai a 1989 da 1990. Yakan ba da labarin yadda ya shawo kan manyan ƴan wasansa. Ya ɗauki gola da ƴan baya huɗu ya tsara su, ya ce mutum goma su kawo musu hari yadda suka ga dama, na minti 15. Goman nan ba su taɓa cin biyar ɗin ba. Yakan kuma sa su yi atisaye babu ƙwallo: ya nuna inda ƙwallo yake da baki, su duka su matsa can tare.

Bayansa aka yi Guardiola a Barcelona, daga 2008 zuwa 2012, wanda ya ci kofi 14 cikin shekara huɗu. Ƴan wasansa gajeru ne da yawansu, amma in ƙwallo ya kuɓuce musu, cikin ƴan daƙiƙoƙi sun karɓe shi. Aka yi Klopp, wanda ya ci gasar Jamus da Dortmund a 2011 da 2012, ya ci kofin zakarun Turai da Liverpool a 2019, da gasar Ingila a 2020. Cikin ƴan gabansa uku na lokacin, biyu ƴan Afirka ne: Mohamed Salah na Masar da Sadio Mane na Senegal. Mane a ƙauye ya tashi, wani wai shi Bambali. An zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Afirka a 2019 da 2022. Duk da haka, in ƙwallo ya kuɓuce, yana cikin masu fara bin sa. Ina faɗin wannan ne don wasu cikinku, da sun ci ƙwallo biyu a unguwa, sai su ɗauka aikinsu tsayawa gaba ne, su sa hannu a ƙugu, a kawo musu.

Dokoki biyu sun ƙara wa salon ƙarfi. Tun 1992 gola ba ya kama ƙwallo da hannu in ɗan'uwansa ne ya mayar masa da ƙafa da gangan. Tun 2019 kuma, in gola zai yi bugun gida, yana iya miƙa wa ɗan'uwansa tun cikin da'irarsa. Saboda haka ƙungiyoyi da yawa daga gida suke fara saƙa wasa, masu matsi kuma suna jiran su a bakin ƙofa.

To, me ya sa nake so mu koya, bayan abin da ya same mu?

Babban dalilina shi ne, wasan narka gaba ba ya koya wa yaro kome. Ku tuna wasannin da kuka yi haka. Mutum nawa ke taɓa ƙwallo? Gola, da ƙaton baya mai ƙarfin ƙafa, da dogon gaba mai gudu. Sauran takwas wuyansu ke ciwo don kallon sama. A irin wannan wasa wanda ya fi girman jiki shi ke ci, kuma kun san a lakwal ɗinmu akwai mai shekara 11, akwai mai 14, a aji ɗaya. Ƙaramin yaro mai hankali ba shi da wuri. A wasan matsi kuwa yana da shi. Rufe hanya ba ya son tsawo, ido yake so. A ajina wata yarinya ce ta fara gane zancen inuwa, tun ina zana shi a babban allo, ita ta bayyana wa mazan.

Na biyu, matsi ya fi biya a filayenmu bisa ga na Turai. Can ciyawa ce shimfiɗe kamar tabarmar Madawa, ƴan baya kuma sun ƙware da tare ƙwallo. Nan kuwa ga tsakuwa, ga rami, ga sawun shanu. Ƙwallo yakan yi tsallen da ba wanda ya zata. Ɗan bayan da aka matsa, sau uku cikin biyar zai yi kuskure, in dai abin da idona ya gani ne. Ƙwallo biyun da muka ci a wasan nan duka haka suka samu, ba wata gwaninta muka yi ba.

Akwai kuma amfanin da ke komawa ga wanda aka matsa. Yaron da kullum ake takura masa a atisaye dole ya koyi duba bayansa kafin ƙwallo ya iso, ya tare da kyau, ya miƙa da sauri. Wata rana wani cikinku zai je gwaji Tawa, ko Maraɗi, ko Yamai. Can ba wanda zai ba shi lokaci ya tare ƙwallo, ya gyara wando, ya yi tunani. In bai saba tun yana ƙarami ba, ranar zai sha mamaki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu bari mu koma ga maganar abokin aikina, don ba a ture ta da hannu ɗaya.

Ya ce rana. Gaskiyarsa. Babban ɗan wasa a Turai yakan yi kilomita 10 zuwa 12 a wasa ɗaya, amma ya ci ya ƙoshi, ya yi barci, ana auna lafiyarsa. Tun 2020 ana canza mutum biyar a wasa, aka kuma tabbatar da dokar a 2022. Kusan rabin ƙungiya ke nan. Mu yaranmu goma sha uku ne, kuma wasu sun ɗebo ruwa ko sun kai dabbobi kiwo kafin su zo fili. A Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a ƙasar Adar. Ko a gasar kofin duniya ta 2014 a Barazil, sai da alƙali ya tsayar da wasan Holand da Meziko don a sha ruwa, su da suke ƙarti. Duk wanda ya ce yaro ya yi ta matsi awa guda cikin bazara, ba ya ƙaunar yaron. Ni na yi wannan kuskure sau ɗaya, ba na ƙarawa.

Wuri da yanayi suna cikin wasa, ko manya ba su tsira ba. Ina ɗalibi muka taru bakin rediyo ranar 10 ga Oktoba 2010, muka ji Mena ta ci Masar 1 da 0 a Yamai, Musa Ma'azu ya sa ƙwallon. Masar ɗin nan ita ta ci kofin Afirka sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010. A wannan zagaye Mena, ƙarƙashin Haruna Dula, ta ci wasanninta uku na gida duka, da Masar da Saliyo da Afirka ta Kudu. Na waje uku kuwa duka aka ci ta. Da maki tara ɗin nan ta je gasar kofin Afirka ta 2012, karo na farko a tarihinmu. Ƙungiya ɗaya ce, amma abin da ta iya a gida daban, na waje daban. Ashe mai hankali sai ya dubi inda yake kafin ya zaɓi yadda zai yi wasa.

Mu dubi namu. Filayenmu iri biyu ne. A cikin fadama da wuraren rairayi, ƙwallon da aka ɗaga ta bisa kai in ya faɗi sai ya mutu nan take, ɗan baya ya juyo ya same shi. A irin wannan fili haurowa ba ta da haɗari sosai, sai dai rairayi yana cin ƙafa, a gaji da wuri. Bisa tudu kuwa, kamar wurare da yawa na Buza da Keita, ƙasa tauri gare ta. Ƙwallo in ya faɗi sai ya ƙara gudu, mai sauri ya bi shi har raga. A nan sai an yi hattara. Ga kuma iskar hunturu. In tana bayanmu, bugun golansu ba ya nisa, a sama yake tsayawa ya dawo. Lokacin matsi ke nan. In mu take bugu a fuska, ƙwallonsu zai tashi kamar tsuntsu, gara mu ja baya.

Ya kuma ce ba mu da masu tuta a bakin layi. Nan ma gaskiyarsa. Alƙali ɗaya ne a wasanninmu, yana tsakiyar fili, ba ya iya ganin satar gida daidai. Wanda ya dogara da busar alƙali zai yi kuka. Ko inda ake da masu tuta da na'urar duba hoto, abin yakan ɓaci. A Oktoba 2020 Aston Villa ta zuba wa Liverpool 7 da 2, alhali Liverpool ce ke riƙe da kofin Ingila. Sau da yawa ta bayan ƴan bayanta da suka hauro aka bi.

Har ma yana da babbar hujja da bai kawo ba, ni zan kawo masa. A gasar kofin duniya ta 2022 a Katar, Maroko ta kai wasan kusa da na ƙarshe, abin da wata ƙasar Afirka ba ta taɓa yi ba kafin nan. Ba da matsi daga gaba ta kai ba. Baya ta ja, ta toshe hanyoyi. Wasa biyar ta yi kafin ta haɗu da Faransa, ƙwallo ɗaya tak ya shiga ragarta, shi ma ɗan wasanta ne ya ci gida. To amma ku dubi yadda suka yi. Kusa da juna suke, tare suke matsawa dama, tare suke matsawa hagu, in sun ƙwace kuma miƙawa suke yi, ba narkawa ba. Darasin mita 25 ne dai, sai dai su a nasu gefen suka yi shi. Ƙungiyar da ta koyi tafiya tare tana iya yin sa gaba, tana iya yin sa baya. Wadda ba ta koya ba, ko ta cika baya da mutum goma, taro ne kawai.

Ga abin da muke yi yanzu a lakwal ɗinmu. Cikakken matsi minti takwas na farkon kowane rabi muke yin sa, lokacin da ƙafa ke da ƙarfi, abokan karawa kuma ba su natsu ba. Bayan nan sai dokar ƙirga biyar. In ƙwallo ya kuɓuce mana, uku na kusa su faɗa masa, kowa yana ƙirgawa a zuci. In an kai biyar ba a ƙwace ba, a bari, kowa ya koma bayan layin tsakiya a jeru. Ƴan bayanmu ba su wuce layin tsakiya, gola kuma ba ya manne wa raga, a bakin da'irarsa yake tsayawa don ya riga ɗan gaba isa ga ƙwallon da aka ɗaga. Kalmomi uku muke da su: "Kama!", "Hauro!", "Gida!" Da hausa muke kiran su. Wani ya ce ai abokan karawa ma suna jin hausa. Na ce su ji. Abin da nake so shi ne ƙafar yaro ta motsa kafin ya tsaya fassara.

A atisaye mukan yi da'ira, mutum biyar a waje suna miƙa wa juna, biyu a ciki suna neman ƙwacewa. Ƴan baya huɗu kuma na ba su igiya ɗaya doguwa suka riƙe, in ɗaya ya makara sai igiya ta ja shi. Ranar da muka fara atisaye babu ƙwallo, tsofaffin da ke zaune gindin bishiya dariya suka yi ta yi, wani ya ce mushe ya fara koya wa yara wasa da aljanu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu muke yin duk wannan. Cikin bazara babu matsi, kuma ba mu shiga fili sai bayan ƙarfe biyar. Cikin azumi mai azumi ba ya wasa. Wanda bai ci abincin rana ba shi ma ba ya shiga, ko shi ne gwaninmu. Tambaya nake yi, ɗaya bayan ɗaya, kuma bido biyu na ruwa suna bakin fili kafin a busa.

Mai kiran kalmomin nan uku shi ne golanmu, wanda ya yi kuka a hanya. Yanzu yana aji shida. Shi kaɗai ke ganin fili duka daga inda yake, saboda haka shi na ba kyaftin.

A Disamba mutanen nan suka zo garinmu ramuwa. Iska tana busowa daga gabas. Muka ci ƙuri'a, golanmu ya zaɓi gefen da za ta kasance bayanmu. A minti na shida ɗan bayansu ya karɓi ƙwallo a bakin layi, ya yi masa tsalle, yara uku suka rufe shi, muka ci. A rabi na biyu iska ta koma tasu, muka ja baya, suka rama ana kusa da tashi. Aka tashi 1 da 1, yaranmu duka da ƙafafunsu suka koma gida. Abokin aikina yana bakin fili, shi ke riƙe da moɗar ruwa. Da aka busa ya ce mini: "Ƙanena, da an narka ƙwallon nan gaba, da ba su rama ba." Na ce: "Yaya, wataƙila." Muna da wani wasa a ƙasar Keita cikin Fabrairu, bisa tudu, ƙasa mai tauri. Har yanzu ba mu daidaita da shi ba a kan inda ƴan baya za su tsaya.